Ɓacewar Ungulu a Garuruwan Ƙasar Hausa: Yadda Tsuntsun da Ake Ƙyama Ya Zama Haja

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda ungulu ta ɓace daga kwata da kasuwa da juji a garuruwan ƙasar Hausa cikin shekaru hamsin da suka wuce. Ta haɗa abin da masana tsuntsaye suka ƙidaya da abin da harshe da al'adar Hausawa suka adana game da wannan tsuntsu. Hujjar da maƙalar ta tsaya a kai ita ce, ba soyayya ko doka ce ta kare ungulu a da ba, ƙyama ce: ba a cin ta, ba a sayen ta, don haka ba a farautar ta. Kariyar ta rushe a lokacin da gawarta ta sami farashi, a daidai sa'ar da abincinta da itatuwan da take sheƙa a kai su ma suka zama kayan sayarwa. Maƙalar ta nuna cewa duk wani yunƙurin ceto da bai bi ta hannun mahauta da malamai da masu maganin gargajiya ba, zai tsaya ne a takarda.

1. Gabatarwa

Duk wanda ya haura shekara hamsin a ƙasar Hausa ya san ungulu sani na ido. Ya gan ta a kan katangar kwata, ya gan ta a saman rumfunan kasuwa ranar cin kasuwa, ya gan ta a bayan gari a kan mushen jaki. Ɗalibinmu mai shekara ashirin kuwa, a Kano ko Katsina ko Zariya, yana iya gama jami'a bai taɓa ganin ta ba sai a hoto, duk da cewa yana jefa karin maganarta a cikin zance kullum. Tsuntsu ne babba, mai zama a fili a tsakiyar mutane, ya ɓace a idon kowa, kuma ba a yi masa ko cigiya ba.

Wannan rashin cigiya shi ne abin da ya ja hankalina. Da shamuwa ce ta daina zuwa da farkon damina, da manoma sun yi magana, domin ita ce mai albishir da ruwa. Jan-baki da fara ba sa ɓuya, domin ɓarnarsu tana kai wa ga gwamnati ta tayar da jirgin feshi. Ungulu ba ta albishir, ba ta ɓarna. Aikinta ɗauke abin da ba a son gani ne, shi ya sa da ta tafi ba a lura ba.

Tsuntsun da nake magana a kai shi ne ungulun gari, wadda masana ke kira Necrosyrtes monachus. Akwai manyan danginta na daji, irin su maiki, kuma zan taɓo su inda ya kamata, amma ungulun gari ita ce wadda ta zauna da Bahaushe.

2. Maƙwabciyar mahauta

Ungulun gari ƙarama ce a cikin danginta, nauyinta bai cika wuce kilo biyu da rabi ba. Bakinta siriri ne, ba shi da ƙarfin yaga fatar sa ko ta raƙumi. A daji sai ta jira manyan ungulaye ko kura su buɗe mata mushe, sannan ta tsinci abin da ya maƙale a tsakanin ƙasusuwa. A gari kuwa wuƙar mahauci ce take yi mata wannan aiki. Wannan rauni na baki shi ne asalin zamanta da mutane.

Wanda ya san kwata a wancan lokaci zai tuna yadda safiya take. Bayan sallar asuba an kayar da sa, an yanka, an feɗe. 'Yan kayan ciki sun ja tumbi gefe sun farke shi sun juye abin da ke ciki, yara suna tatse hanji a bakin kwatami. Ungulaye suna jere a kan katanga, kafaɗa a ɗage, wuya a noƙe. Da an jefar da wani tsoka da ya lalace ko guntun kitse, sai su diro, suna tafiyar nan tasu ta tsalle-tsalle, fatar fuskarsu da take fari-fari ta rine ta koma ja saboda zumuɗi. Ba sa gudun mutum sai ya zo daf da su, sannan su ɗan matsa taki biyu. Idan rana ta ɗaga, iska mai zafi ta fara tashi daga ƙasa, sai su hau ta su yi sama suna kewaya ba tare da kaɗa fiffike ba. Ido suke aiki da shi, ba hanci ba. Kowace tana kallon ƙasa, tana kuma kallon 'yar'uwarta. Da ɗaya ta sauko, sauran sun gani daga nesa. Bahaushe ya lura da wannan tun da daɗewa, shi ya sa ya ce ungulu ba ta jewar banza, kuma a da ba baƙon abu ba ne makiyayi ya gano inda dabbarsa ta faɗi ta hanyar duban sama.

Akwai shaida a rubuce kan yawanta. Peter Mundy, wanda daga baya ya zama ɗaya daga cikin marubutan babban littafin ungulayen Afirka da ya fito a 1992, a Sakkwato ya fara nazarinsa a farkon shekarun 1970, inda yake ƙirga ungulu ɗari-ɗari a kasuwa da mayanka. Yau mai neman ta zai iya wuni a Abbatuwar Kano ta Ƙofar Mazugal, inda ake yanka fiye da na wancan zamani nesa ba kusa ba, ya ga shirwa da hankaka da balbela, da wuya ya ga ungulu ko ɗaya.

3. Abin da aka ƙidaya

Ƙidaya mafi amfani ga yankinmu ita ce ta Jean-Marc Thiollay, masanin tsuntsaye ɗan Faransa. Ya bi wasu hanyoyi a Burkina Faso da Mali da Nijar tsakanin 1969 da 1973 yana ƙirga tsuntsaye masu farauta, sannan ya sake bin hanyoyin nan dai a 2003 da 2004. A wajen gandun daji da ake tsaro, ya tarar manyan ungulaye sun ragu da kashi 98 cikin 100, ungulun gari kuwa da kashi 45 cikin 100. A lura cewa wannan ƙidaya ta tsaya ne tun 2004.

Darcy Ogada da abokan aikinta sun tattara bayanai daga sassan Afirka, suka nuna cewa ungulun gari ta ragu da kimanin kashi 83 cikin 100 a tsawon zuriya uku. Sun kuma bi diddigin mace-macen ungulaye 7,819 a ƙasashe 26: kashi 61 cikin 100 guba ce ta kashe su, kashi 29 cinikin sassan jikinsu ne don magani, kashi 9 wayoyi da turakun lantarki. Ƙungiyar IUCN, mai fitar da jerin halittun da ke cikin haɗari, tana lissafa ungulun gari cikin waɗanda babu fargaba a kansu har zuwa 2011. A shekarar ta sa ta cikin masu fuskantar barazana, a 2015 kuma ta ɗaga ta zuwa mataki na ƙarshe kafin ƙarewa a doron ƙasa.

Dalilin da ya sa asara kaɗan take yi wa ungulu illa babba yana cikin haihuwarta. Ƙwai ɗaya take yi a shekara, ta kwanta a kansa kusan kwana hamsin, ɗan kuma ya daɗe a hannun iyaye kafin ya tsaya da kansa, sannan ya ɗauki shekaru kafin shi ma ya fara haihuwa. Zabuwa tana iya mayar da abin da aka rasa a damina guda. Ungulu idan aka kashe babba ɗaya, an kashe 'ya'yan shekaru masu yawa.

4. Ƙyama a matsayin garkuwa

Tambayar da ya kamata a fara yi ba ita ce me ya kashe ungulu ba. Tambayar ita ce, me ya bar ta da rai tsawon ƙarnuka a tsakiyar al'ummar da take da mafarauta, take da yara masu danƙo, take kuma fama da yunwa lokaci bayan lokaci? Tsuntsu ne mai tsoka, mai nauyin tashi, wanda ake iya jifa da sanda daga taki biyar. Kurciya da fakara da zabon daji sun fi ta wuyar kamu, amma su ake bi.

Amsar da aka saba bayarwa ita ce addini ya hana cin ta. Wannan amsa tana bukatar gyara. Mazhabobin Shafi'iyya da Hanafiyya da Hambaliyya sun haramta cin tsuntsaye masu farce da masu cin mushe, gaskiya ne. Amma mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ta ƙasar Hausa, ta sassauta a wannan babi. Risalar Ibn Abi Zaid, da ake karantawa a kusan kowane zauren malami, ta halatta cin tsuntsaye masu farauta da masu farce, haka ma Muhtasar na Halil. Ban kawo wannan don in ba da fatawa ba, ba fagena ba ne. Na kawo shi ne don in nuna cewa Bahaushe ya bar ungulu ne duk da cewa littafin fiƙihunsa bai tilasta masa ba. Abin da ya hana shi shi ne ya ga abin da take ci. Ta ci mushe, ta ci kashin mutane a bayan gari, ta tsoma kai a cikin ruɓaɓɓen ciki. Wanda ya ga haka ba ya bukatar malami ya ce masa kada ya sa ta a tukunya.

Harshe ya adana wannan matsayi. Idan aka ce an yi wa mutum ungulu da kan zabo, ana nufin an cuce shi, an sayar masa da abin banza a rigar abin kirki. Maganar ba za ta yi ma'ana ba sai a duniyar da kowa ya yarda cewa ungulu ba ta da farashi, ba wanda zai saye ta yana sane, sai an ɓoye kanta an ɗora na zabo. A kasuwar 'yan magani ta yau lamarin ya juye: kan ungulun shi ne abin nema, kuma kuɗinsa ya fi na zabo sukutum da gashinsa. Tarihin wannan tsuntsu a ƙasar Hausa yana tsakanin waɗannan kasuwanni biyu.

Ba sabon abu ba ne boka ya nemi gashin ungulu ko ƙwanta. Abin da yake sabo shi ne girman bukatar da tsawon hanyar cinikin. A 2013 Yohanna Saidu da Ralph Buij sun wallafa binciken da suka yi a kasuwannin jihohin arewacin Najeriya, inda suka tarar da yawa daga cikin masu sayar da kayan maganin gargajiya da suka zanta da su suna sayar da sassan ungulu, kuma mafi yawan abin da ke kan shimfiɗarsu na ungulun gari ne. 'Yan kasuwar sun shaida musu cewa kaso mai yawa na kayan daga ƙetare yake zuwa, daga Nijar da Chadi da Kamaru da Benin har Sudan. Wannan shi kaɗai ya isa shaida: ba a tafiya Chadi neman abin da ke kan katangar kwatar garinku. Wani nazarin da Buij ya jagoranta a kasuwannin Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ya nuna cewa kusan kashi uku cikin huɗu na gawarwakin tsuntsaye masu farauta da aka gani ana sayarwa, a kasuwannin Najeriya suke, arewa da kudu.

Shimfiɗar irin wannan ɗan kasuwa ba ta da wani abin ban tsoro. Tabarma ce ko buhu, a kai ga saiwoyi da sassaƙe a ɗaure, ga fatar damo, ga ƙayar bushiya, ga busasshiyar hawainiya, ga ƙwaryar kunkuru. Kan ungulu ba kasafai yake a fili ba yanzu. Yana cikin leda a ƙarƙashin buhu, sai an tambaya, sai kuma mai kayan ya dubi mai tambayar ya natsu da shi. Masu saye suna neman sa ne don ciwon hauka da farfaɗiya da korar iskoki, don yaro ya yi saurin tafiya, don sa'ar kasuwa da caca da takara, da kuma ganin abin da ke ɓoye. Wannan na ƙarshe yana da ban takaici. Kaifin idon da Bahaushe ya yaba a karin magana shi ne aka mayar da shi hujjar cewa ƙwaƙwalwarta tana ba mutum hangen gaba. Babu wani binciken likitanci da ya nuna tana warkar da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Akwai ma haɗari a fili, domin da yawa daga cikin tsuntsayen da guba aka kama su, mai farfaɗiyar da aka jiƙa wa ya sha yana iya shan ragowar maganin ƙwari.

Labarin wata ungulu guda ya nuna tsawon hannun wannan kasuwa. A 2013 masu bincike a dajin Dadiya na ƙasar Girka suka maƙala wa wani ɗan ungulu, daga jinsin farar ungulu mai ƙaura, na'urar bin sawu, suka raɗa masa suna Paskalis. Ya ƙetare teku da Sahara ya sauka a kudancin Nijar. A 2014 aka harbe shi a can, kuma da aka bi sawun na'urar sai aka gano maharbin yana farautar ungulaye ne don masu saye a Najeriya. Jinsin nan saura 'yan ƙalilan ne a yankin Balkan baki ɗaya. A 2020 kuma, a Gini Bisau, wadda tana cikin ƙasashen da ungulun gari ta fi yawa a duniya, an tsinci gawarwaki fiye da 2,000 da aka kashe da guba, da yawa an sare kawunansu.

Guba ita ce ta mayar da farautar ungulu sana'a mai riba. Da tarko ko bindiga, ɗaya ake kamawa sauran su tashi. Da garin maganin ƙwari irin su karbofuran, wanda Tarayyar Turai ta hana amfani da shi tun 2008, ana barbaɗa wa mushe guda a kwashe gomomi. Ɗabi'ar nan tasu ta bin juna zuwa wurin abinci ita ce take tara su a kan ajalinsu. Akwai kuma gubar da ba don su aka sa ba: makiyayin da kura ko dila ya yi wa ɓarna ya sa wa ragowar mushen guba, ko mutanen unguwa su yi wa karnukan da suka addabe su haka. Ungulu ce take fara sauka.

5. Abinci da makwanci

Zai yi sauƙi a ɗora laifin duka a kan boka da mafarauci, amma hakan ba adalci ba ne, kuma ba zai bayyana komai da komai ba. Ko da ba a kashe ko ɗaya ba, garin Hausa na yau ba zai ciyar da yawan ungulun da ya ciyar a 1970 ba.

A kwatar yau kusan babu abin da ake zubarwa. Jini ana tara shi a dafa a shanya don abincin kaji. Ƙashi da ƙaho suna da dillalai. Guntayen hanji da kitse masu kiwon tarwaɗa suna jira da bokiti. Fata ta zama ganda. Abin da yake rabon ungulu a da, yanzu yana da mai shi tun kafin a kayar da dabbar. Ba abin zargi ba ne, talauci da yawan jama'a ne suka koya wa mutane tattali, amma sakamakonsa a kan tsuntsun ɗaya ne.

Sai batun jaki. Saniya ko akuya ba kasafai take mutuwa mushe a ƙasar Hausa ba, domin da an ga ta kwanta ake kiran mai wuƙa. Jaki da doki su ne suke mutuwa a ja su bayan gari, su ne babbar liyafar ungulu. Babur da A-daidaita-sahu sun rage jakuna a gari, sannan cinikin fatar jaki zuwa ƙasar Sin, inda ake dafa ta a yi wani maganin gargajiya, ya sa tsohon jakin da a da za a bari ya mutu a turke yanzu ana loda shi a mota. Abin ya kai Nijar ta hana fitar da jakuna a 2016, Tarayyar Afirka kuma ta amince da hana yanka su don fata a Fabrairun 2024.

Makwanci ma haka. Ungulu ba ta sheƙa a kan gini ko a ƙasa. Dogon itace take nema, rimi ko kuka ko maɗaci ko giginya ko tsamiya, kuma takan koma sheƙa ɗaya shekara bayan shekara. Masu cewa ungulu ta koma gidanta na tsamiya sun faɗi abin da suka gani ne. Waɗannan itatuwa su ne masu katako da masu gawayi suka fi so, su ne kuma ake sarewa idan za a yanka fuloti ko a faɗaɗa titi. Rimayen da aka san Zariya da su sun ragu ƙwarai. Abin da ake dasawa a madadinsu, darbejiya da turare, suna ba da inuwa da sauri, amma ba su cika kai tsayi da kaurin reshen da ungulu take so ba kafin a sassabe su.

6. Me aka rasa?

Ruwan cikin ungulu yana da tsami mai ƙarfin da yake kashe yawancin ƙwayoyin cutar da ke cikin mushe, har da na cutar saifa ta dabbobi, wadda likitoci ke kira antiraks. Abin da ta ci ya fita daga hanyar yaɗuwa. A wani gwaji da Ogada ta yi a Laikipiya ta ƙasar Kenya, mushen da ungulaye ba su sauka a kansa ba ya ɗauki kusan ninki uku na lokaci kafin ya ƙare, kuma dabbobi masu shayarwa da suke taruwa a kansa suna cuɗanya da juna sun ninka kusan sau uku. A garuruwanmu waɗannan dabbobi su ne karnukan da ba su da mai su da ɓeraye, ga kuma ƙuda.

Misalin da ake yawan kawowa shi ne na Indiya. A shekarun 1990 ungulayen ƙasar suka fara zubewa, wani jinsi ya ragu da fiye da kashi 99 cikin 100. A 2004 aka tabbatar cewa maganin ciwon jiki na diklofenak da ake yi wa shanu allurarsa shi ne yake lalata musu ƙoda, a 2006 aka hana amfani da shi ga dabbobi. Masana tattalin arziki biyu, Eyal Frank da Anant Sudarshan, sun ƙiyasta a 2024 cewa rashin ungulayen ya jawo mutuwar mutane kimanin 500,000 tsakanin 2000 da 2005, ta hanyar gurɓatar ruwa da yawaitar karnuka masu ciwon hauka.

Ina ganin ya kamata mu yi hattara da ɗauko wannan adadi mu ɗora a kanmu. A Indiya yawancin shanu ba a yanka su, tsufa suke yi su mutu a bar su a fili, don haka nauyin da ungulu take ɗauka a can ya fi na nan nesa. Masu fafutuka da suke tsoratar da jama'a da alƙaluman Indiya suna iya rasa amincewar mahaucin da ya san cewa a kwatarsa babu abin da yake kwana. Asararmu ta fi ƙanƙanta kuma ta fi warwatsuwa: mushen kare a kwalbati, kajin gona da annoba ta kashe aka zubar a bola, dabbobin da suka faɗi a burtali a ƙarshen rani, ragowar layya da ake tarawa a lungu. Ɓullar cutar saifa a wata gona a Suleja a Yulin 2023 ta tuna mana cewa cututtukan da ke bin mushe ba su tafi ko'ina ba.

7. Ta ina za a kama?

Doka tana nan. Najeriya tana da dokar kare halittu masu fuskantar ƙarewa tun 1985, an yi mata gyara a 2016. Ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar kare dabbobi masu ƙaura sun amince da shirin ceto ungulayen Afirka da Turai da Asiya a Manila a 2017. Amma ledar da ke ƙarƙashin buhu ba ta san da wannan ba, kuma ba na jin kama ɗan shimfiɗa ɗaya a kasuwar ƙauye zai rage komai, in ban da ya ƙara wa kayan tsada.

Yunƙurin da ya fi ba ni fata shi ne wanda Gidauniyar NCF ta Najeriya, mai kare halittu, ta yi da ƙungiyoyin masu maganin gargajiya, na zama da su a nemo tsirran da su da kansu suka yarda za su iya maye gurbin ungulu a haɗinsu. Wani zai ce wannan ai tabbatar da camfi ne. Ni ina ganin mai neman maganin farfaɗiyar ɗansa ba zai daina nema ba don an yi masa lacca, kuma gara ya koma gida da sassaƙe da shawarar zuwa asibiti da ya koma da kan tsuntsu mai guba. Sai dai wannan hanya ba ta taɓa mai neman sa'ar takara ko ta caca. Wannan fagen malamai ne, kuma suna da abin faɗa ba tare da an ara musu daga waje ba: neman sanin gaibu a wurin boka, kashe rai ba da haƙƙi ba, da zuba guba inda mutum da dabba suke sha, duk abubuwa ne da wa'azi ya riga ya san hukuncinsu. Abin da ya rage shi ne a ambaci ungulu da sunanta a cikin huɗuba.

Tayar da tsohuwar ƙyama ba zai yiwu ba, kuma ba na ba da shawarar a gwada. Ta yi aiki ne a lokacin da tsuntsun ba shi da kuɗi. Abin da zai iya maye gurbinta shi ne a ba ungulu mai ita, kuma babu wanda ya fi mahauta cancanta. Suna da tsari tun daga Sarkin Fawa har yaran kwata, suna wurin kowace safiya, kuma su ne suke fara ganin baƙon da ya zo da garin magani a aljihu. A garuruwan da har yanzu ake ganin ta, a kudancin Nijar da wasu sassan Filato da Bauchi da Taraba, ana iya roƙon su su ware wani kaso na abin da ba ya sayuwa a ajiye a wuri guda mai tsaro, su kuma sa ido a kan itatuwan da take kwana. A Nijar ƙungiyar Sahara Conservation tana bin sheƙunan manyan ungulaye a tsaunukan Kutus da Tarmit da gandun Gadabeji, cibiyar APLORI ta Jami'ar Jos kuma tana tattara bayanan taswirar tsuntsayen Najeriya daga masu sa kai.

A nan ne sassan nazarin harshe da al'ada suke da aikin da masana tsuntsaye ba za su iya yi ba. Babu wanda ya ƙirga ungulun Katsina ko Gusau ko Haɗeja ko Maraɗi shekara-shekara, amma dattawan mahauta da majema da makiyaya suna iya faɗin zamanin wane sarki ko wane gwamna suka daina ganin ta, a kan wace tsamiya take kwana, wa ya sare ta, da kuma lokacin da baƙi suka fara zuwa tambayar ƙwanta. Idan ɗalibanmu masu rubuta kundin digiri suka bi kwata-kwata da tambayoyi iri ɗaya, za a iya fitar da taswirar ɓacewarta gari da gari, a kuma gwada ta da lokacin da aka gina mayankar zamani ko aka buɗe shagon maganin ƙwari a kowane wuri. Masu wannan ilimi yawancinsu sun haura saba'in, don haka aikin ba na jira ba ne.